Injiniya Musaddiƙ Ba Ya Neman Taimako

Babu wanda ya naɗa Musaddiƙ injiniya a Kazaure. Shi ya naɗa kansa, ranar da ya dawo daga wata bita a Kano da jaka mai tambari da katin ratayawa a wuya. Bitar ta ƙare tun bara, amma katin bai sauka daga wuyansa ba. Da shi yake zuwa ɗaurin aure, da shi yake zuwa gaisuwar mutuwa. Sana'arsa ta ainihi ita ce tura wa mutane waƙoƙi da karatu a waya, a wata 'yar rumfa kusa da tasha. Amma in ka tambaye shi aikinsa, sai ya gyara hula ya ce, "Harkar sadarwa ta ƙasa da ƙasa."

Kawunsa, Baba Kura, shi ne shugaban wata ƙungiyar manoman gero da gyaɗa da ta haɗa mutanen Kazaure, Roni, Babura da Gwiwa. Bara ruwan fari, wato ruwan farkon damina, ya yaudare su. An yi ruwa kamar da gaske, kowa ya zuba irinsa a ƙasa, sai sama ta ɗauke. Shuka ta ƙone, wasu ba su da irin sake wata. Saboda haka bana tun kafin hadari ya fara haɗuwa, hankalin kowa a tashe yake.

Ana cikin haka Dakta Bahijja ta zo gida hutu. 'Yar garin ce, tana koyarwa a wata jami'a, bincikenta kuma a kan yanayi yake. Ta zo gaida Baba Kura da wata 'yar kwamfuta a hannu.

"Baba, na samo wa ƙungiya izini," in ji ta. "Akwai manyan kwamfutoci a jami'o'i daban-daban, wasu a ƙasar nan, wasu a ƙetare. An haɗa su suna aikin gayya. Daga nan za a tura musu lissafin garuruwanmu, su yi, su dawo da amsa: yaushe ake sa ran damina za ta zauna, yaushe ya fi dacewa a yi shuka. Sai dai zan koma bakin aiki. Ina buƙatar wanda zai riƙa turawa."

Musaddiƙ, wanda ya zo cin tuwon rana, ya ajiye loma.

"Kawu, ai an gama magana. Ga ni."

Dakta Bahijja ta buɗe kwamfutar. Babu hoto, babu wurin dannawa, sai baƙin allo da wani ɗan farin ɗigo yana ƙyaftawa. Ta ce a nan ake rubuta umarni da hannu, layi bayan layi. Ta fara nuna masa, shi kuwa yana gyaɗa kai yana kallon ƙofa ko wani zai shigo ya gan shi. Abu ɗaya kawai ya riƙe: ya lura tana yawan sa ɗan karan ɗori, wata 'yar gajeriyar sanda a kwance, a gaban wasu kalmomi. Wannan ya burge shi ƙwarai.

"In abu ya cije maka," in ji ta, "kada ka yi ta kame-kame. Rubuta help. Zai jero maka kowane umarni da abin da yake yi."

Musaddiƙ ya yi dariya har da buga cinya.

"Help? Taimako ke nan fa, Dakta. Ni zan roƙi inji taimako? Ai inji ne ke zuwa rumfata neman taimako."

"Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta dubi Baba Kura. Baba Kura ya dubi kwanon tuwo.

Aikin da za a yi a ɗaki cikin natsuwa, Musaddiƙ ya ce sam. Abin duniya ne, dole duniya ta gani. Ya sa aka aika Roni, aka aika Babura, aka aika Gwiwa. Ya aro majigi da lasifika da janareta. A teburin mai shayi ya sanar da cewa ranar Asabar zai yi magana da kwamfutocin ƙetare baki da baki, kuma tun yanzu sun san da zuwansa.

"Sun san sunanka?" in ji mai shayi.

"Sunana? Har muryata."

Ranar Asabar zauren taron ƙungiya ya cika har taga. A sahun gaba akwai Malam Muhammadu Lawal, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, da tabarau a kan hanci. A gefen mata akwai Hajja Kaka daga Roni, manomiyar gyaɗa, wadda ko mijinta marigayi bai taɓa cin ta da baki ba. Ɗan acaɓan da ya kawo ta, wani mai suna Hamma, ya jingina da ƙofa yana jiran ta.

Musaddiƙ ya shigo da babbar riga. Ya kunna majigi, baƙin allon ya bayyana a jikin bango, ƙato guda.

"Ɗan nan, talabijin ɗin taka ba ta kama ba," in ji Hajja Kaka.

"Hajja, haka take. Hoto na yara ne. Masana a duhu suke aiki."

"To Allah ya fito da ku."

Ya miƙe yatsu, ya rubuta wani abu da ƙarfi kamar mai kiɗan ƙwarya, ya danna. Jan rubutu ya fito.

"Masha Allah!" in ji Musaddiƙ a lasifika. "Jama'a, suna yi wa manoman ƙasar Kazaure barka da zuwa."

Aka yi tafi. Malam Muhammadu Lawal ya gyara tabarau.

"Ni kuwa sai na ga kamar cewa suka yi shaidar shigarka ta daina aiki, a sabunta ta."

"Allah ya gafarta Malam, Turancin makaranta daban, Turancin kwamfuta daban."

"Ikon Allah. Ashe an sake Turanci bayan na yi ritaya."

Musaddiƙ ya sake rubutawa. Jan rubutu. Ya sake. Jan rubutu. Ya ce gaisuwa ce suke maimaitawa saboda girmamawa. Da gaisuwar ta yi yawa, ya ce matsalar sabis ce, duwatsun garin nan ne ke tare saƙo. Ya ɗauki wayarsa da ke ba kwamfutar intanet, ya sa ta a cikin leda, ya ɗaure a kan wata doguwar gora, ya miƙa wa Hamma.

"Fita waje ka ɗaga ta sama. Ka fuskanci arewa, can ƙetare take."

"Ni fasinja na kawo fa," in ji Hamma.

"Yau kai ne eriyar ƙungiya. Tarihi zai ambace ka."

Hamma ya fita rana da gora. Jan rubutun bai fasa ba.

"Ɗan nan," in ji Baba Kura a hankali, "ba Dakta ta ce akwai kalmar da za ka rubuta in abu ya cije ba?"

"Kawu, bai cije ba. Ni ne ban matsa masa ba tukuna."

Gumi ya fara sauko masa ta ƙarƙashin hula. Yana ta danne-danne, sai yatsansa ya faɗa kan maɓallin kibiya mai kallon sama. Tsofaffin umarnin da Dakta Bahijja ta rubuta ranar da ta zo suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Bai san ko wanne ne wanne ba. Ya runtse ido ya danna wani. Aka tambaye shi kalmar sirri, ya sa wadda Dakta ta ba shi. Jan rubutu ya ɓace.

Musaddiƙ ya miƙe tsaye ya buɗe hannuwa.

"Na ce muku! Sun ji tsoro, sun buɗe ƙofa."

Yanzu sai tura aikin. Dole a sa lambobi biyu da ke nuna inda yankin yake a taswirar duniya. Lambobin suna nan Dakta ta bari a jikin kwamfutar. Musaddiƙ ya kwafe su, ya tsaya ya ƙare musu kallo, ya ga sun yi tsirara da yawa. Sai ya sa wa kowacce ɗan karan ɗori a gaba.

"Wannan 'yar sandar fa?" in ji Malam Muhammadu Lawal.

"Ado ne na masana, Malam. Umarni babu ita kamar riga ce babu aiki."

Ya danna. Rubutu ya fito, fari wannan karon.

"Me suka ce?" in ji Hajja Kaka. "Malam nake tambaya, ba kai ba."

"Sun ce an karɓi aikin, yana layi, a jira."

Fuskar Musaddiƙ ta sauya.

"Layi? Ni? Ko a gidan mai ba na bin layi."

"Mun sani," in ji wani daga baya, "ba ka da babur."

Ya sake tura aikin. Layi. Ya ƙara. Layi. Sai ya tuna da wata dabara da wani ya nuna a bitar Kano, yadda ake sa umarni ya riƙa maimaita kansa ba tsayawa. A cikin duk abin da aka koyar a bitar nan, ita kaɗai ta zauna masa, domin da ita suka riƙa cika allo da sunayensu suna dariya. Ya rubuta ta, ya danna, ya naɗe hannu.

Rubutu ya ɓalle a jikin bango, yana gudu sama kamar ruwan kwari. Mutanen Babura suka miƙe. Mutanen Gwiwa suka hau kabbara. Ko Baba Kura sai da ya ɗan saki fuska.

"Kun gani?" in ji Musaddiƙ. "Na hana su numfashi. Yanzu duk wata kwamfuta da ke ƙetare ta ajiye abin da take yi, tana aikin Kazaure."

Wannan maganar ce kaɗai gaskiyar da ya faɗa ranar, shi ma bai san ya faɗe ta ba.

Can sai rubutun ya tsaya cak. Wani dogon saƙo ya fito. Malam Muhammadu Lawal bai jira an tambaye shi ba. Ya tashi, ya karɓi lasifikar daga hannun Musaddiƙ, ya yi gyaran murya irin na aji.

"Saƙo daga mai kula da kwamfutocin. Yana cewa, wane ne wannan yake tura aiki iri ɗaya ba ƙaƙƙautawa? Ya cika layi, ayyukan sauran masu bincike sun tsaya. An dakatar da shi daga tura sabon aiki. In ba a janye waɗanda ya tara ba, za a soke izinin ƙungiyar gaba ɗaya." Ya sauke tabarau. "Wannan a tsohon Turanci ke nan. Ban san me yake nufi a sabo ba."



"Hassada ce," in ji Musaddiƙ. "Sun ga baƙar fata ya iya."

"Soke izini?" in ji Hajja Kaka. "Wato mu koma kallon sama muna canka, kamar bara? Ɗan nan, buhun irina na ƙarshe ke ɗaki. In ya ƙone bana, a rumfarka zan tare."

"Hajja, kwantar da hankalinki. Yanzu zan kashe wutar."

Ya rufe kwamfutar, ya buɗe. Saƙon na nan. Ya kashe ta gaba ɗaya, ya hura mata iska ta gefe, ya kunna. Ya lalubo tsohon umarnin Dakta ya shiga, ayyukan na nan jibge a layi. Ya fita da gudu ya kashe janareta, majigi ya mutu, ya dawo ya ce an gama. Aka tayar da janareta. Ba abin da ya ragu.

"To ai ba a cikin wannan 'yar akwatin suke ba," in ji Malam Muhammadu Lawal. "Kai da bakinka ka ce suna ƙetare. Ko can ma za ka je ka kashe musu janareta?"

Musaddiƙ ya cire hularsa ya kifa a bakin majigi don kada a ci gaba da karantawa. Hular ta fara ƙauri. Ya fizge ta yana yarfe hannu.

Daga waje aka jiyo muryar Hamma. "Injiniya! Hannuna ya sage! In juya kudu ne?"

"Tsaya yadda kake!"

Nan wayar Baba Kura ta yi ƙara. Ya duba, ya ce, "Dakta ce." Musaddiƙ ya miƙa hannu zai karɓa ya fita da ita waje. Baba Kura ya kauce, ya sa ta a amsa-kuwwa, ya kara a bakin lasifika.

"Baba, barka da yini," in ji Dakta Bahijja. Muryarta ta cika zauren. "Yanzu aka kira ni daga wurin masu kula da kwamfutocin. Sun tambaye ni ko ɓarayin intanet ne suka sace mana izini. Na ce a'a, ɗan'uwa ne. Malam Musaddiƙ yana kusa?"

"Ga ni, Dakta. Komai na tafiya daidai. 'Yar tangarɗa ce daga ɓangarensu."

"Rubuta help."

"Ai ba a kai nan ba. Akwai wata hanya da nake..."

"Musaddiƙ," in ji Baba Kura. Bai ɗaga murya ba. "Uwarka ƙanwata ce, shi ya sa na tsaya maka a gaban mutanen nan. Rubuta abin da aka ce."

Musaddiƙ ya zauna. Da yatsa ɗaya ya rubuta kalmar, a hankali, kamar mai sa hannu a takardar saki. Ya danna.

Allon ya cika da bayani, a jere, a natse. Malam Muhammadu Lawal ya riƙa karantawa yana fassarawa: ga umarnin sabunta shaidar shiga, ga na duba ko kwamfutar can tana amsawa, ga na ganin inda aikinka yake a layi, ga na neman dalilin kuskure, ga na janye ayyuka duka.

"Au," in ji Hajja Kaka. "Wato tun safe amsar na zaune a bakin ƙofa, mu muna nan muna gasa ɗan mutane a rana?"

Aka kira Hamma ya shigo. Ya jefar da gorar, ya ajiye wayar a kan tebur. Sabis bai ragu da komai ba. Hamma ya dubi wayar, ya dubi Musaddiƙ, ya buɗe baki, sai ya tuna akwai manya, ya rufe.

Musaddiƙ ya kwafi umarnin janyewa. Ayyukan suka watse. Dakta Bahijja ta ce a ba ta ɗan lokaci ta roƙi mutanen. Da ta sake kira ta ce sun haƙura, sun buɗe, amma sun ce a gaishe musu da gwanin.

"Kun ji ko?" in ji Musaddiƙ, kafaɗarsa ta fara dawowa. "Gwani suka ce."

"Akwai aiki ɗaya da ya kammala kafin a dakatar," in ji Dakta. "Na farkon da ka tura. Umarnin ɗauko sakamako yana cikin bayanin."

Ya ɗauko. Taswira ta bayyana a bango, shuɗiya fes daga wannan gefe zuwa wancan. Musaddiƙ ya karɓe lasifika, ya miƙe, ya baza riga.

"Jama'ar Kazaure, Roni, Babura da Gwiwa! Ga amsar da na matso muku daga ƙetare. Shuɗi ruwa ne. Bana ruwa ko'ina! Ba fari, ba ƙonewar shuka. Kowa ya je ya zuba iri gobe, ni na ce!"

Wasu har sun fara tafi. Malam Muhammadu Lawal ya matsa kusa da bango, ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, ya sake karantawa.

"Ruwa kam akwai," in ji shi. "Sun ce babu ƙasar noma a wannan wuri. Tsakiyar tekun Atlantika ne. Har zurfinsa sun faɗa."

"Karanto mini lambobin da ya sa, Malam," in ji Dakta.

Ya karanto, ya ƙara da cewa kowacce tana da 'yar sanda a gaba, ado na masana.

 Sai aka ji wani sauti a wayar kamar mai ƙoƙarin haɗiye tari.

"Malam Musaddiƙ, a gaban kalma, karan ɗori zaɓi yake nunawa. A gaban lamba kuwa alamar ɗebewa ce. Ka mai da arewa kudu, ka mai da gabas yamma. Ka ɗauke gonakin Baba ka jefa a teku."

Dariyar da ta tashi har masu wucewa a titi sai da suka leƙo. Wani dattijo daga Gwiwa ya zame daga benci yana riƙe da ciki. Mutanen Babura suka ce a tambayi Injiniya ko su sayar da shanun huɗa su sayi komar kamun kifi. Hamma ya ce shi dai a gaya masa ko babur na tafiya a kan ruwa, don ya san yadda zai mai da Hajja gida.

"Kuskuren na'ura ne," in ji Musaddiƙ, amma Baba Kura ya riga ya karɓe lasifikar.

Aka cire 'yan sandunan. Aka tura aikin sau ɗaya, aka bi layi kamar kowa, aka yi sallar la'asar aka dawo. Amsar ta fito da taswira mai launin ƙasa. Hasashen ya nuna ruwan fari zai iya zuwa da wuri ya ɗauke, gara a jira na bayansa kafin a zuba iri. Dakta ta ja kunne cewa hasashe ne, sani na Allah ne. Baba Kura ya sa aka yi addu'a, aka watse. Kwamfutar kuwa ya naɗe ta a cikin rigarsa, ya miƙa wa Malam Muhammadu Lawal, wanda ya ce bai iya ba amma ba ya jin kunyar tambaya.

Ruwan fari ya zo ya ɗauke. Mafi yawan 'yan ƙungiya suka daure, ba su taɓa irinsu ba. Da damina ta zauna sosai, Baba Kura ya aika aka taso Musaddiƙ daga rumfa, ya danƙa masa sungumi, ya nuna masa kunyoyin gonarsa tun daga bakin hanya har gindin tsamiya.

Musaddiƙ yana cikin sara, Baba Kura na tsaye a kansa, Hamma ya zo wucewa da Hajja Kaka a bayan babur. Ta ce ya tsaya.

"Baba Kura, sannu da aiki! Amma haka za ka bar yaron nan ya shiga gonar nan ba kwalekwale?"

Musaddiƙ ya miƙe, ya share gumi, ya dogara sungumin.

"Ki yi dariya, Hajja. Amma duk ƙasar nan wa ya taɓa gano teku yana zaune a Kazaure?"

"Babu, ɗan nan, sai kai," in ji ta. "To gano mana ramin shuka tukuna. Ga biyu can ka tsallake."